Kofi biyu a wuni

Shekarun baya ne, lokacin da rikici ya koro 'yan'uwanmu daga Mubi suka cika mana gida a unguwar Dubeli, nan Yola. Ban iya rubutu ba, ƙanwata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata.

A lokacin maigidana Alhaji yana wankin ƙoda, irin na gida. An sa masa roba a ciki, ina zuba ruwan magani ya zauna, in ya jima in sauke. Sau huɗu a rana. Ni da ban san biro ba, sai ga ni ina wanke hannu kamar likita.

Baƙin nan kowa ya shigo gaishe shi da abu a hannu: wannan kunun gyaɗa, wancan fura da nono. Alhaji kuwa ba ya iya mayar da kwanon baƙo, ballantana wanda ya baro gidansa da gudu. Sai ya shanye. Kumatunsa suka ciko, matan unguwa na cewa, "Hajiya, kin iya jinya, Alhaji ya murmure!" Ni kuwa har ƙara masa nake.

Ranar asibiti, nas ta kwantar da shi, ta manna masa wayoyi a hannu da ƙafa, ta danna wata ƙaramar na'ura. Ta ce da ita ake gane ruwan da ke jiki. Ta duba, ta kira ni Dada, yadda ake kiran uwa a nan, ta ce:

"Dada, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. In ya hau ƙirjinsa, numfashi zai gagara."

Aka canza masa ruwan wankin, aka hana gishiri, aka yanka masa abin sha kofi biyu a wuni.

Na zama mai gadin ƙofa. Baƙo ya zo da kwano in tare shi a zaure. Alhaji yakan ce, "Hajiya, ko sojojin hanyar Mubi sun fi ki sauƙi. Kurɓi ɗaya fa."

In ce a'a, in shiga ɗaki in share hawaye.

Allah ya ƙara mana shekara uku tare, sannan ya karɓi abinsa. Na san hanin nan taimako ne, likitoci ma sun faɗa. Amma har yau, in zafin Yola ya tsananta na ɗebo ruwan randa mai sanyi, sai in tsaya da moɗar a hannu. Babu wanda zai ce mini kurɓi ɗaya.

Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara.