Takardar da muka sa wa hannu a bakin ƙofa

Jama'a, yau na goyi bayan abin da na je yaƙa, ban ma sani ba!

Kun san durom-durom ɗin siminti da aka tare layinmu na Rumde da su tun lokacin bama-bamai? Har yau keke napep ba ya shiga. In mahaifiyata za ta asibiti, sai mun tallabo ta har bakin titi. Yau Jauro, mai unguwarmu, ya kira taro a firamare, a cire ko a bari. Na rufe shago na tafi.

A bakin ƙofa sakataren kwamitin unguwa ya miƙo takarda: "Suna da sa hannu, ta halarta ce kawai." Muka sa.

Awa biyu ana musu! Madam Rifkatu ta ce a baro aka fitar da maƙwabciyarta tana naƙuda. Bappa Hamidu ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba tukuna. Aka ɗaga hannu. Masu cewa a cire mun fi yawa, nesa ba kusa ba!

Sai sakatare ya miƙe: "Mun gode, amma shinge yana nan. Gobe za mu sanar da ƙaramar hukuma."

Na ce, "Da yawun wa?"

Ya ɗaga takardar nan. Ashe naɗe samanta ya yi! Ya buɗe ya karanta: "Mu mazauna layin nan mun amince shinge ya zauna."

Na matsa na leƙa takardar. Sunana ne na uku. Ni na ma ara wa sauran biro!