Ranar da Muka Tura Ƙanen Ango Gwajin Jini

Shekara talatin ina zaɓen irin albasa da hannuna a Dingyadi. Idan an cire, nakan zauna a rumfa ina ɗagawa ɗaya-ɗaya, mai tauri da siririn wuya in ware ta don iri, sauran su tafi kasuwa. Ban taɓa yarda wani ya yi mini wannan aikin ba. Amma da aka zo kan abin da jikokina za su gada, sai na yi gaggawa, na haɗa da wayo irin na wanda ya ɗan leƙa boko.

Ɗiyata ta fari ta so ɗan yayana da ke Lambara, shi ma yana son ta, ba wanda ya matsa wa kowa. Limaminmu ya ce ba zai ɗaura ba sai an kawo takardar gwajin jini. Ta je Bodinga aka gwada ta, aka ce tana ɗauke da sikila a jininta. Ita ba za ta yi ciwo ba, amma idan mijin ma yana ɗauke da shi, ɗansu na iya zuwa da ciwon. Saura ango. A makon injin ban ruwansa ya lalace, albasa na neman ƙonewa a fadama, biki saura kwana shida.

Yayana ya ce, "To mi za mu yi? In yat tahi asibiti, yini guda ya ɓace."

Ni ne na ce a tura ƙanen ango ya ba da sunan wansa. Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya suka sha, ai jini ɗaya ne. Har daɗin kaina na ji. Takarda ta dawo, jini lafiya lau, aka ɗaura aure. Mu huɗu muka san zancen: ni, yayana, ango da ƙanen.

Jikata ta zo da sikila. Tana wata takwas hannuwanta suka fara kumbura. Yanzu shekararta bakwai, kuma na gaji da hanyar asibiti, na gaji da bencin bakin ɗakin yara, na gaji da jin ta tana cewa ana sara mata ƙashi. Wani likita ya taɓa gaya mini cewa a ƙasashen waje ana haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, a duba, a zaɓi wanda ba shi da ciwon a mayar cikin mahaifa. Wai har jinin wanda aka riga aka haifa ana gyarawa. Ya tambaye ni ko ina ganin ya halatta. Na ce malamai su amsa masa. Ni da tsinin allura ɗaya na gwajin jini ban tsaya an yi daidai ba, ina ni ina zancen zaɓen 'ya'ya.

Bara wata 'yar gidan mijin ɗiyata da ta karanta aikin jinya ta ga takardar a akwatin surukar ɗiyata. Ta ce, ba da mugunta ba, namiji mai irin wannan jinin ba ya haifar mai sikila. Kafin mako magana ta gama gida. Mata suka riƙa ƙare wa jikata kallo suna neman kamannin wani namijin a fuskarta. Mijin ya yi gum don kunyar liman, yayana ya rasu, ƙanen yana ci-rani a kudu. Saura ni da zan iya wanke ɗiyata, kuma wata biyu na yi ina cewa gobe.

Ranar da na hau babur na je, na tarar da ɗiyata a bayan ɗaki tana wanke-wanke. Jikata na kwance can gefe kan tabarma a rana, lulluɓe da zane. Na tsuguna na faɗa mata komai. Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya.

Ta ce, "Baba, albasa ma ba ka bari wani shi zaɓa maka."

Na ce haka ne. Na ƙara da cewa da an yi gwajin gaskiya, da ban ba da auren ba. Na faɗa ne don ta ga na gane laifina.

Ta juya ta dubi tabarmar. "Da babu ita ke nan."

Ta ɗauraye hannunta ta nuna mini ɗakin surukarta, inda matan gidan suke zaune.

"Tashi ka shiga ka hwaɗa musu, kak ka rage komi. Amma ka sassauta murya. Ban son ɗiyata ta ji kuskure shi yak kawo ta."

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na yi sallama ƙasa-ƙasa.