Malam Labbo Mai Katantanwar Dutse

Kafin a buga ƙararrawar lakwal, wato makarantar da yake koyarwa, Malam Labbo ya riga ya dawo daga ramukan farin dutse na bayan Malbaza, aljihunsa cike da katantanwar da ta zama dutse. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Ya wanke kowace da tsohon buroshi, ya duba bakinta da murɗinta, sannan ya sa ta cikin danginta: masu tsinin kai kamar wadda yara ke murzawa a ƙasa, kwalinsu daban, masu faɗin gindi daban. Kowane kwali da takardarsa mai ɗauke da sunansu da ramin da aka samo su.

Daga bakinsa muka fara jin cewa teku ta taɓa kwanciya inda muke noman hatsi. Ubanmu ya ce ƙarya ce. Malam ya zo har gida ya ɗora masa guda a tafin hannu. "Baba, wannan ba ta tabki ba ce. To wa ya kawo ta nan?" Tsohon ya daɗe yana juya ta.

Bara, 2006, ya yi ritaya, ya bar wa lakwal kwali arba'in. Ko na gode ba a ce masa ba. Da damina ta faɗi, sabon darektan lakwal ya sa aka juye su duka a kududdufin bakin ƙofa, don kada takalminsa ya ɓaci! Mairo mai shara ta roƙe shi ya bari. Ya ce, "Mi za a yi da tsakuwa?"

Tsakuwa! Ka ji mai ilimi.

Mairo ta shaida mini Malam bai zagi kowa ba. Ya naɗe wando, ya durƙusa cikin laka kwana uku yana tsincewa, malamai suna wucewa ta gefensa. Takardun sunayen sun narke. Yanzu yana zaurensa yana sake rarrabe su da ka, ido kuwa ya fara gazawa.

Malam, kai ne ka koya mana mu duba abu da kyau kafin mu raɗa masa suna. Mun gode, kuma mun ji kunya.

Ku da kuka zauna ajinsa, daga Tsarnawa har Illela, zauren a buɗe yake. Ku je da biro da takarda, ku rubuta abin da ya sani tun yana iya faɗa.