Matar Da Ta Duba Hanta

Har yau akwai matan da idan suka hango Ginette Esparon a kasuwar Victoria sai su kau da kai, kamar ita ta kwashe kifin teku ta kai gidanta. Ni ma na yi haka, wata biyu cur, shi ya sa nake da bakin magana.

Ginette maƙwabciyata ce a unguwar Plaisance, katangarmu ɗaya. 'Yar masunci ce, tun tana shekara tara take gyaran kifi a bakin ruwa. Shekara goma sha shida muka yi tare a kamfanin gwangwani muna cire ƙayar kifin tuna a tsaye, har jijiyoyin ƙafarta suka fito ruɗu-ruɗu. Daga baya aka ɗauke ta aikin tantance kifi a tashar jiragen ruwa. Jirgi ya sauke kaya, ita za ta duba ta rubuta wane iri ne.

Ba wanda ya damu da aikin nan sai da wasu masu kwat suka zauna a otal a wata ƙasa, suka yanka wa kowace ƙasa kason tuna mai rawayan fiffike da za ta kama a shekara. Wai kifin yana ƙarewa. Ƙarewa kam yana yi. Amma wa ya ƙarar da shi? Ubana da ƙugiyarsa? Manyan jiragen nan ne masu ragar da za ta haɗiye unguwarmu har da cocinta. Na Turawa ne, tutarmu kawai suka rataya, sai kamunsu ya hau kan kasonmu. Su ci, a rubuta mu muka ci.

A shekarar da nake ba ku labari, tun Oktoba kasonmu ya kusa cika. Sai ga ikon Allah, jirage suka daina kama mai rawaya! Duk wanda ya shigo, takardarsa ta ce tuna mai ƙaton ido ya ɗauko, wanda a lokacin ba a ƙayyade kamunsa ba. In suna ƙanana, sun daskare a ruwan gishiri, fiffike ya karye, launi ya goge, kifayen nan biyu kamar tagwaye suke. Amma uban Ginette ya koya mata abu ɗaya: a duba hanta. Ta mai ƙaton ido tana da zane-zane kamar an ja ta da tsinke. Ta mai rawaya sumul take.

Ta ware kifi talatin daga wani jirgi, ta bari ƙanƙararsu ta narke, ta tsaga. Ashirin da shida sumul.

Ƙanena Jossy ɗan dako ne a tashar, a gabansa wakilin jirgin, Musye Savy, ya taho yana share gumi.

"Madam Ginette, yaushe kika zama likita? Ido aka ce ki duba, ba tiyata ba."

"Musye, idon nan wata guda ya yi cikin ƙanƙara. Ko naka aka saka sai ya zama ƙato."

'Yan dako suka kwashe da dariya.

"Ku yi ta yi," in ji Savy. "In ta rubuta abin da ke ranta, ran Litinin duk kuna gida kuna kallon matanku. Madam, sa hannu kawai. Ke kika haifi kifin?"

"Ban haife shi ba, amma ni na buɗe shi."

Ta rubuta mai rawaya. Aka binciki sauran jiragen, kaso ya cika, aka ɗaure jiragen a tasha har Janairu. Kamfanin gwangwani ya rufe layin aiki biyu, har da nawa, ga Kirsimeti a bakin ƙofa. Na leƙa ta katanga na same ta tana kankare kwakwa.

"Yaya Ginette, ke kaɗai ce mai gaskiya a tsibirin nan? Ko Fadan cocinmu yakan kau da kai wani lokaci! Me zan dafa wa yara ran Kirsimeti, hanta?"

"Zo ki karɓa, Wilna, ina da ashirin da shida."

"Au, abin dariya ne ma?"

Ta ajiye kwakwar. "In na sa hannu bana, baɗi ƙaryar da za su kawo sai ta fi wannan. Ranar da kifin ya ƙare, su cire tutarmu su tafi wani teku. Ke ina za ki ɗauki Plaisance ki kai?"

Na ce ta ci kanta, na shige ɗaki.

Janairu jirage suka koma ruwa, aka kira mu aiki. Ita ba a kira ta ba. Wai kwangilarta ta ƙare. Wanda aka sa a gurbinta ba ya tsaga kifi, an ce masa tsagawa tana ɓata kaya. Masu jirgi ba su rasa ko kujera ɗaya a gidajensu ba. Masu kwat ba su taɓa jin sunanta ba. Mu da muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya da ita, mu muka tofa mata yawu.

Yanzu tana da shekara hamsin da huɗu, tana gyara wa mutane kifi a kasuwa, rupi biyar kowane ɗaya. Wata Asabar na haɗiye kunyata na kai mata rogo da madarar kwakwa. Ta buɗe kwanon ta ce, "Kin makara, Kirsimeti ya wuce." Ta ci dai.

Ni kuwa an mai da ni sashen fiɗa. Kullum kwanduna na zuwa da takardar mai ƙaton ido. Ina tsagawa, ina ganin hantar sumul, ina jefa ta cikin bokitin abincin dabbobi. Yara uku gare ni. Ban taɓa cewa uffan ba.