Akwatin Zuwaira Gwal

Har yau ban manta da ranar da aka sauke mini akwatin Zuwaira Gwal a ƙofar shagona na unguwar Guéma a Parakou ba. Ranar Talata ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, saura kwana goma mu fara ɗaukar fim ɗin rayuwarta. Tunda kun ce in ba ku labarin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan aiki, to ga shi.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, a saman kowa akwai mai ba da umarni, wanda mu nan muke ce wa realizatar, 'yan Najeriya kuma su ce darakta. A ƙarƙashinsa akwai mai kyamara, da mai sauti, sai ni, mai kayan sawa. Aikina in karanta labarin daga farko har ƙarshe, in rubuta abin da kowa zai sa a kowace fitowa, in auna 'yan wasa, in ɗinka ko in aro. Akwai kuma ƙa'ida idan fim a kan mutumin gaske ne. In yana raye, shi zai sa hannu a takardar yarda. In ya rasu, danginsa ne za su sa.

Ƙananan cikinku ba su riski zamanin Zuwaira ba. 'Yar gidan 'yan kasuwa ce a unguwar Ladjifarani, ta auri wani babban dillalin shanu, auren ya mutu, ta fito da abin hannunta. Shekara uku cur ba a yi wani biki na a zo a gani a Parakou ba tare da ita ba. Takan sauya kaya sau huɗu a zama ɗaya, mawaƙa na kiran sunanta, hotunanta na yawo a wayoyi. Ni kaina na taɓa ɗinka mata leshi biyu. Daga baya ta faɗa shan ƙwaya. Ƙawaye suka watse, gida ya tafi, sai ga wani bidiyo nata babu takalmi tana ihu a tsakiyar kasuwa. Bayan wata biyu aka ce ta rasu a wani asibiti a kudu. Shekara huɗu ke nan da wannan labari sa'ad da muka fara aikin.

Daraktanmu, Malam Idi, mutum ne mai sanyin magana, kullum da gilashi a fuska. Shi ya zo da yayan Zuwaira, Alhaji Sabi'u, mai sayar da shanu, wanda ya sa hannu a takardar yarda a madadin dangi. Su biyu suka sauke akwatin daga mota.

Alhaji Sabi'u ya ce, "Ga kayan marigayiya, Hajiya Ladi. Tun da ta rasu suna gidan goggonmu a ƙauyen Sérou, kusa da Djougou, babu wanda ya taɓa su."

Na yi masa ta'aziyya, na ce Allah ya ji ƙanta. Ya ce amin, amma idonsa na kan titi.

Da suka tafi na buɗe. Kaya ne na gani na faɗa, leshi da shadda da gyale masu duwatsu. Ina fitar da su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa, har na kai ƙasa. Can na tarar da riga da zane na atamfa, an naɗe su da kyau.

Kun san kowace atamfa da shekarar fitowarta. Wannan zanen matan kasuwa suka sa masa suna Makulli Uku, kuma a azumin shekarar da ta gabaci wannan aiki ya fito. Ba labari aka ba ni ba, ni da kaina na sayi turmi shida na yi wa wani biki anko da shi. To yaya aka yi atamfar bara ta shiga akwatin matar da ta shekara huɗu a kabari?

Na ce wataƙila ta goggon ce ta ɓace a ciki. Na ɗauko tsohon littafina na awo, na nemo shafin Zuwaira, na shimfiɗa rigar na auna. Tsawo nata ne, kafaɗa tata ce, tsawon hannu nata ne. Ƙirji da ƙugu ne kawai suka ragu sosai. Mutum yakan rame, amma ƙashi ba ya sauyawa. Ɗinkin kuma na keken ƙafa ne, irin na telan ƙauye.

Washegari na kai wa Malam Idi rigar a ofis. Ya saurare ni har na gama, ya cire gilashinsa ya goge.

Ya ce, "Tanti Ladi, ke da atamfa! Wata 'yar gidan ce ta jefa kayanta ciki. Muna da takarda, dangi sun sa hannu. Ki ajiye wannan, ki ji da sauran."

Na ce, "Malam, akwai wanda ya halarci jana'izarta?"

Ya ce, "A kudu aka yi."

Abin da ya dame ni shi ne bai yi mamaki ba. Bai ma taɓa rigar ba. Na koma shago na fara tambaya a hankali, in abokiyar ciniki ta zo in jefa maganar kamar wasa. Kowa ya ji labarin rasuwar, amma babu wadda ta san wanda ya yi mata wanka, ko wanda ya raka gawa. An dai zauna karɓar gaisuwa kwana uku a Ladjifarani, shi ke nan.

Muka fara aiki. Sati biyu muka yi a Parakou muna ɗaukar fitowar bukukuwa. Alhaji Sabi'u yakan leƙo, kuma duk zuwansa sai ya ratso ta wajena ya tambaya ko kaya sun cika. Sau ɗaya ya ce, "Babu dai wani abin da ba na marigayiya ba a ciki ko?" Na ce ban lura ba. Ƙarya na yi masa, Allah ya yafe mini, don a lokacin zuciyata ta riga ta yanke cewa mutumin nan ya ɓoye ƙanwarsa ne yana cin kasuwa da sunanta.

Sati na uku muka koma Djougou don fitowar ƙuruciyarta da ta asibiti, wadda a cikinta ake nuna mutuwarta. Ranar Juma'a ba ma aiki. Da hantsi na sa rigar a jaka, na hau zem, wato babur ɗin haya, na ce ya kai ni Sérou. Ban gaya wa kowa ba. Hanya ja ce, ga gonakin doya dama da hagu. Ban sha wahala ba, domin Hausawan wurin ba su da yawa. Ina cewa gidan goggon Alhaji Sabi'u na Parakou aka nuna mini.

Na yi sallama, tsohuwar ta fito ta tare ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa nake nema. Sai na zaro rigar. Wata murya daga tsakar gida ta ce, "Goggo, bar ta ta shigo. Ai rigar Sallata ce."

Tana zaune a kan tabarma tana fasa kaɗanya. Ta rame, ta yi duhu, babu ko ɗan kunne a kunnenta. Amma Zuwaira ce. Na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Ta ce, "Tanti Ladi mai ɗinki. Kin ga fatalwa ko?" Ta karɓi rigar ta rungume. "Na neme ta har na gaji. Saboda ɓera na ɓoye ta a akwatin, sai Yaya ya zo ya ɗauke shi ina gona. Ya ce zai sayar da tsofaffin kayan ya saya mini magani."

Na ce, "Zuwaira, kin san a Parakou cewa ake kin mutu?"

Ta ce, "Ni na ce a faɗi haka. Na roƙi Yaya da kuka. In ina raye, kowa da wayarsa zai biyo ni ya ɗauki hoton abin da na zama. Matacce kuwa addu'a ake yi masa."

Nan na ji kunyar zargin da na yi wa mutumin. Amma da na ambaci fim, sai ta ajiye dutsen da ke hannunta. Ba ta san da shi ba ko kaɗan. Na faɗa mata komai, har da yarinyar da take fitowa a matsayinta da kayanta a jiki.

Ta ce, "To a fim ɗin yaya na mutu?"

Na ce, "A barandar asibiti, ke kaɗai, babu kowa naki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Ta ce, "Ni kaɗai? Yaya Sabi'u a bayansa ya goya ni daga kasuwa ranar nan. Wata bakwai Goggo na ɗaure ƙofa tana kwana a bakinta don kada in fita neman ƙwaya. Shi ne zai sa hannu a ce babu kowa nawa? Ya sayar da ni, kuma ya sayar da kansa."

Da na tashi tafiya, tsohuwar ta raka ni bakin hanya. Ta ce, "Wannan mai fim ɗin naku, mai gilashi ne, siriri?" Na ce shi ne. Ta ce, "Bara Sabi'u ya zo da wani mai gilashi. Bai shigo ba, a mota ya zauna. Amma Zuwaira ta fita ɗebo ruwa, ta gabansa ta wuce."

Ranar Asabar da safe aka shirya fitowar asibiti. An kafa fitilu, 'yar wasa na jira in sa mata kaya. Na kulle akwatunana, na sa makulli a jaka, na ja Malam Idi gefe.

Na ce, "Malam, jiya na gaisa da Zuwaira. Takardarka ba ta da amfani, mai rai shi ke sa wa kansa hannu. Ba zan sa wa kowa kayan mutuwarta ba."

Ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Ku lura da tambayar. Bai ce mini ƙarya nake ba, bai ce innalillahi ba. Na ce babu kowa. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Sérou. Ya ce ya je bara duba wuraren ɗauka, bai shiga gidan kowa ba, kuma mata da yawa sun wuce da tulu. Ya tuna mini cewa kowace rana da aka tsaya asara ce, kuma akwai teloli da yawa a Djougou. Na ce akwai, amma duk telan da ya kawo zai tambayi dalilin tafiyata, ni kuma ban iya ɓoye dalili ba.

Aka gaya wa ma'aikata cewa kyamara ce ta samu matsala. Kwana shida muka tsaya. Alhaji Sabi'u ya zo daga Parakou a fusace, muka tafi Sérou mu uku. A gaban ƙanwarsa fushin ya narke. Ya ce maganinta ya fi ƙarfinsa, kasuwar shanu ta yi baya, ya ga tunda duniya ta ɗauka ta mutu, babu abin da fim zai rage mata. Zuwaira ta sa Malam Idi ya karanta mata labarin duka, shafi bayan shafi, tun hantsi har la'asar.

Sharuɗɗanta uku ne. A cire mutuwar, amma kada a ce tana raye, kada kuma a nuna inda take. A sa fitowar da yayanta ya goya ta. Da Malam Idi ya ce zai iya rage maganar ƙwaya don mutuncinta, ta ce, "A'a, wannan ka bar ta yadda take. Gaskiya ce. Akwai 'yan mata da yawa da suke son zama ni." Sannan ta sa hannu, ta ce haƙƙinta a hannunta za a ba ta.

Haka fim ɗin ya fita. Ya ƙare da motar shanu tana barin Parakou, ita a zaune a baya ta lulluɓe da gyale. Masu kallo suka yi ta gardama a kan ko ta mutu ko ba ta mutu ba, mu kuwa muka kama bakinmu. Yanzu ma don ta rasu da gaske ne nake ba ku labarin. Shekara uku bayan fim ɗin ciwon ƙoda ya ɗauke ta, a ɗakin goggonta, kuma wannan karon ina cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Malam Idi ya yi finafinai huɗu bayan wannan, bai sake kirana ko ɗaya ba. Muna gaisawa in mun haɗu. Har gobe ban san ko ya gane ta ranar da ta wuce gabansa da tulu ba, kuma na daina sa ran zan sani.

Abin da na koya shi ne, mutanen sana'armu ba mugaye ba ne, amma in labari ya yi musu daɗi, ba sa son jin abin da zai ɓata shi. Kowa sai ya ce an sa hannu, ba hurumina ba ne. To ku sani, mutumin da ake fim a kansa ba ya wurin ɗauka, ba shi da bakin magana sai na wanda ya ga abin da bai yi daidai ba. Wata rana cikinku wani zai gani. In ka gani ka tambaya, in amsar ba ta gamsar da kai ba ka je da ƙafarka ka duba. Mai yiwuwa ka rasa aiki na gaba. Ni na rasa huɗu, ga ni kuma zaune tare da ku, ban kwana da yunwa ba.