Littafi na Biyar a Murhun Mazarƙwaila

Har yau ba na cin mazarƙwaila. Ko a kasuwar Hunkuyi na biyo ta layin masu sayar da ita, ƙanshin nan mai zaƙi da ɗan ƙauri ya bugi hancina, sai in ja gyale in toshe hanci in wuce. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai ina aka taɓa ganin 'yar ƙasar rake tana ƙyamar abin da aka raine ta da shi. Ban taɓa zama na ba su labarin ba. Kai mai karatu bari in ba ka, tunda kai ba ka san Baffana ba, ba kuma za ka je gaishe shi da sallah ba.

Babana malamin firamare ne a ƙauyenmu, amma ba da koyarwa aka san shi ba. In ya yi sallar la'asar sai ya fito da benci gindin mangwaron tsakar gidanmu, ya ɗora littafin rubutu irin na 'yan makaranta a cinya, ya yi ta rubutu har hasken rana ya ƙare. Labari ɗaya ya shekara da shekaru yana ja: wata 'yar masunci ce Sarkin Aljanu ya sace inuwar ƙanenta, yaron ya fara ƙanjamewa, ita kuwa ta sauka cikin tsohuwar rijiya zuwa birnin da ke ƙarƙashin ƙasa don ta ƙwato ta. Birnin ƙofofi bakwai gare shi, kowace ƙofa da abin da ake bari kafin a shige. Littattafai huɗu ya kai Zariya aka buga, sirara, masu bango mai zanen da ba ya kama da kowa.

Kada ka ɗauka ba a karanta su ba. An karanta su har suka yi laushi kamar tsumma. A shagon tela ana karantawa da ƙarfi, a teburin mai shayi ana gardama a kan wace ƙofa ce ta fi tsanani. Wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista daga kudancin jiharmu, da su ta gyara karatun Hausarta, kullum ta gan ni sai ta ce in tambayi Baba ko yarinyar nan za ta fito da rai. Wasiƙu suna zuwa ta makaranta daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Littafi na huɗu ya tsaya ne a bakin ƙofa ta bakwai, inda mai gadi ya ce wa 'yar masunci sai ta bar sunanta kafin ta shiga, in kuwa ta bar shi ko ƙanen nata ba zai sake gane ta ba. A nan Baba ya ajiye mutane shekara uku.

Abin da ya fi ba ni haushi ko a lokacin shi ne fuska biyun mutanenmu. A gabansa su washe baki: "Malam, yaushe na biyar zai fito?" Yana ba da baya su ce ai mutum ba ya sanin hanyar garin aljanu haka sai in yana zuwa. Baffa, yayan Baba, shi ne shugaban masu wannan magana. Bai taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba, amma in baƙo ya zo daga birni yana neman marubucin, shi ne zai fara shimfiɗa tabarma yana cewa ƙanena ne, ni na raine shi.

Ina da shekara goma sha biyu, ƙarshen damina, dawa ta fara ja, Baba ya rufe littafin rubutu na tara ya ce ya gama. Na yi tsalle na ce ya ba ni in karanta. Ya ɗaga shi sama inda hannuna ba ya kaiwa, yana dariya. "Ki jira a buga, ki karanta shi da bango kamar kowa. In an yi hutu zan kai Zariya." Ya jera taran a akwatinsa na ƙarfe. Ba a kai ga hutun ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya rasu.

Aka zo rabon gado bayan arba'in, lokacin an fara saran rake. Aka fito da keke, da rediyo, da riguna, da akwatin. Aka buɗe akwatin, ga littattafan tara a jere. Baffa ya gyara murya ya ce shi ya yi tunani, kuma tausayin ɗan'uwansa yake ji. Abin da ke cikin takardun nan ƙarya ce tsagwaronta, ba rijiyar, ba yarinyar. Huɗun da suka fita sun riga sun fita, sai dai a roƙa masa gafara. Amma wannan, duk wanda ya karanta, nauyin yana kan mamaci a kabarinsa. Dattawa suka gyaɗa kai, har da waɗanda na sha gani a shagon tela baki buɗe.

Inna, mahaifiyata, tana takaba, ba ta fita. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Yaya, a bar wa yaran, rubutun ubansu ne."

"Ke ba kya son ya kwanta lafiya?" in ji Baffa.

Da ma a ce binne su aka yi, ko aka ƙone su a gefe da mutunci, da wataƙila na yafe tuntuni. Amma Baffa yana da wurin dafa mazarƙwaila a bayan gari, ya ce tunda ga wuta can tana ci, kada a ɓata kananzir. Akwatin kuma mai kyau ne, ya shiga rabo. Aka juye littattafan a buhun taki, aka ɗora mini a ka.

Na tafi tsakanin gonakin rake, ganye yana yankar hannuna, ina jin kusurwar littattafan tana tokarin kaina. Ba wanda ya bi ni. Da na tsaya na zare na taran na cusa a zanina, ba mai sani. Na yi wannan tunanin, wallahi na yi shi, amma tsoro ya hana ni: in fa da gaske ne, in ni ce zan sa a yi wa Baba azaba? Haka na kai su cif tara.

Mai hura wutar mutum ne da ba ya haɗuwa da Baba bai tambaye shi na biyar ba. Ya karɓi buhun, ya zaro ɗaya, ya buɗe tsakiya ya karanta layi biyu, ya yi murmushi ya ce, "Malam ke nan." Sannan ya tura shi, da sauran takwas ɗin, ƙarƙashin kasko tare da busasshiyar tukar rake. Ruwan raken yana tafasa, yana kumfa, ƙanshi ya cika wurin. Da zan tafi ya gutsuro mazarƙwaila mai ɗumi ya ba ni, na kuma ci. Wannan cin ne har yau nake jin ƙyamar kaina a kansa. Sauran mazarƙwailar kuwa ranar kasuwa aka kai Hunkuyi aka sayar.

Yanzu zamani ya juya. Wasu samari suna karanta littattafan huɗu ana sauraro a waya, 'ya'yan waɗancan dattawan suna liƙa hoton Baba suna kiran sa abin alfaharin ƙasarmu. Har wani ya ƙirƙiro nasa ƙarshen, inda 'yar masunci ta auri Sarkin Aljanu, abin ko kyan ji babu.

Da sallar da ta wuce na je gaishe da Baffa. Ya tsufa, idonsa ya tafi, jikokinsa suna kunna masa waya don ta ɗebe masa kewa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya matso, ya rage murya.

"'Yar nan, ashe ubanki gwani ne. Na saurari huɗun nan sau biyu. To yarinyar, ta bar sunan nata ko ba ta bari ba?"

Na dubi wannan tsoho da ke jiran amsa da gaske. Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Ku kuka ɗora mini na biyar ɗin a ka."

Matarsa ta shigo da faranti, ta ajiye mini mazarƙwaila sabuwar dahuwa, ta ce in tafi wa yara da ita. Na yi godiya kamar yadda aka koya mini, na tashi na bar ta a nan.