Jan Maɓalli

A shekarar 1983 Hedimasta ya fara sanin Mai Rediyo, ranar da ya kai masa gyaran akwatin rediyonsa mai batir shida. Rumfar kwano ce a bakin tasha, teburi ɗaya, ƙarfen narka dalma a kan garwashi. Karatun mutumin bai wuce aji uku ba, amma da kunne yake gane cutar akwati.

Da zamani ya kawo rimot mai shiga kowace talabijin, sai sana'ar ta nemi kuɓuce masa. Kowane kamfani da lambarsa, bayanin kuma da Turanci, rubutu kamar ƙwan kwarkwata. Hedimasta ya sayi littafi mai shafi tamanin, ya ja layi da rula, ya kwafe masa lambobin duka, har da yadda ake ɗaure umarni huɗu a maɓalli guda.

"Malam, wannan rubutu naka ko makaho ya shafa zai karanta."

"Kai dai kada ka ɗiga masa dalma."

Shekara goma sha biyar littafin nan yana ciyar da gida. Daga baya aka rushe rumfar don faɗaɗa titi, mutane kuma suka daina gyara, sai dai a yar a sayi sabo. Ɗan Mai Rediyo na cikinsa ya haɗa littafin da tarkace ya sayar wa 'yan gwangwan. Wai komai yana cikin waya.

Hedimasta kuwa tsufa ya sa masa rawar hannu. 'Ya'yansa suka aiko masa da ƙatuwar talabijin, da dikoda, da lasifika, da rimot uku, amma su ba su zo ba. In ya nufi maɓalli ɗaya sai yatsa ya sauka a kan wani. Mutumin da bai taɓa fashin labaran ƙarfe huɗu ba ya yi sati biyu a gaban shuɗin allo, kunya ta hana shi kiran maƙwabta.

Mai Rediyo ya zo gaisuwa, ya gani. Ran Laraba ya dawo da rimot guda a aljihu. Ya zauna a ƙasa yana jero lambobi da ka, yana gwadawa, har ɗaya ta kama. Ya ɗaure komai a jan maɓalli: talabijin ta kunnu, a jira daƙiƙa uku, sai dikoda, sai tashar labarai, sai sauti. Sannan ya buɗe rimot ɗin ya sa takarda a ƙarƙashin sauran maɓallan, suka mutu.

Hedimasta ya danna. Murya ta cika ɗakin.

Nan take 'yarsa ta bugo waya, ta jiyo labarai. "Ka gani ko, Baba? Ai na ce maka abu ne mai sauƙi."

Hedimasta ya dubi Mai Rediyo, wanda ke saka takalmi a bakin ƙofa.

"Ina ka samo wannan dabara?"

"Shafi na sittin da biyu, Malam," in ji shi, ya ja ƙofar.